Abin da Mai Labule Ya Gaya wa Matarsa

Ni dai tun ina yarinya aka san ni da zuciya. In na yi fushi, ko sunana ka kira sai na ga dama zan waiwayo. Mahaifiyata ta yi faɗan, ta yi lallashin, da ta gaji ta ce Allah ya haɗa ni da mai iya zama da ni. Ya kuwa haɗa ni. Shekara bakwai muka yi a wani gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ciki da falo. Ranar Alhamis ɗinsa ta ƙarshe a duniya ya kira ni sau uku in zo in ji wata magana, na ƙi zuwa. Maganar nan ce na tashi nema bayan ya rasu, kuma labarin neman ne zan bayar.

Maigidana akawu ne a sakatariyar ƙaramar hukuma a Tarauni. Mutum ne mai kunya, irin kunyar da har takan ba ka haushi. A shekara bakwai ɗin nan bai taɓa buɗe baki ya ce min abinci ya yi daɗi ba, sai dai ya turo kwano a ƙara masa. In na yi sabuwar kwalliya na tsaya a gabansa, sai ya dubi silin ya ce kamar za a yi ruwa. Uwargida yake kirana, alhali ni kaɗai ce, wai don girmamawa. Na sha ce masa, "Malam, kai dai da an ba ka baki haya ne da tuni ka mayar wa mai shi, don ba amfani kake da shi ba." Sai ya yi murmushi ya ci gaba da shan shayinsa.

Amma fa ranar Alhamis, ƙarfe biyar na yamma, wani mutum ne daban. Lokacin ake nuna wani wasan Turawa a talabijin, na shirme zalla. Gwarzon wasan wani ƙato ne mai tumbi, da riga mai kama jiki ruwan ɗorawa, ga kamfai a kan wando, Allah na tuba, ga wani mayafi a baya sak labulen ƙofar falonmu. Shi ya sa muka sa masa Mai Labule. Yana tashi sama, amma tsoron sama yake yi, don haka ba ya wuce tsayin katanga, kuma bai iya sauka ba, sai dai ya faɗo tim a kan kayan mutane. Ƙarfinsa kuma sai yana jin yunwa yake zuwa. Da ya ƙoshi, ko ɗan yaye zai kayar da shi. Saboda haka miyagun garin ba da bindiga suke bin sa ba, da faranti suke bin sa. Akwai wani tsoho da ba ya satar komai sai takalmin ƙafar hagu. Akwai wata da take sa wa gari guda shaƙuwa. Kai, shirme dai iri-iri.

Malam ya ce daga littafin zane aka ɗauko wasan. Yana da guda uku da ya saya wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, duk sun yi laushi, yana ajiye su a ƙarƙashin katifa kamar takardun gida. Ya nuna min Mai Labule a ciki, an zana shi gida-gida, maganarsa na fitowa daga baki a cikin wani abu mai kama da ƙwai. Na ce, "Yanzu Malam da gemunka?" Ya ce ai ba gemun ne yake karantawa ba.

Ni karatuna aji shida ya tsaya. Ina gane zo, tafi, zauna, amma Turancin nan da suke yi ta hanci, da sauri kamar ana korar su, ko kalma ɗaya ba na kamawa. Don haka Malam ne mai fassara. Yana dawowa daga ofis zai yi la'asar, ya cire hula, ya zauna a ƙasa ya jingina da kujera, ni kuma ina kan kujerar. In 'yan wuta sun yi mana adalci, sai a fara. Ya yi muryar Mai Labule, ya yi ta tsohon ɓarawon takalmi, har ta mata yana yi. Mutumin da ba ya iya haɗa magana biyar a jere, sai ga shi yana zuba kamar an kunna rediyo.

A wasan akwai wata mace siririya mai tabarau da jan gashi, kullum yatsanta a sama tana yi wa Mai Labule masifa. Ranar farko na tambaya wace ce.

"Matarsa ce," in ji Malam. "Ba ki ga kamar ba?"

Na jefe shi da filo.

Daga nan duk mako sai an zo wurin da Mai Labule zai tsaya gaban matar nan yana sunkuyar da kai yana magana, Malam kuma idonsa a kan talabijin, ba ya ko kallona, yana fassarawa. "Ya ce mata duk garin nan tsorona ake ji, ni kuma ke nake tsoro." Wani makon: "Ya ce in ta tafi gidansu kwana biyu, ko shayi ba ya wuce masa maƙogwaro." Akwai ranar da ya ce, "Ya ce mata ya san tana da zafi, amma da a ba shi mai sanyi gara a bar masa kayarsa." Na ce lallai Baturen nan ya iya bakinsa, wasu ko su zo su ɗauki darasi. Malam ya ce ai kuwa.

Kar a ɗauke ni sakarai. Na san yana ƙara gishiri. Ranar da ya ce wai Mai Labule ya ce miyar kukar jiya ta yi ruwa, ai na kama shi, na ce a ina Bature ya san kuka? Ya yi dariya har da tari. Amma na ɗauka ƙarin a gefe-gefe ne, tushen maganar na wasan ne. Na ɗauka in Baturen ya faɗi abin da ya dace da mu, shi ne Malam yake ɗan ja ya daɗe a kai. Wajen shekara biyu muna haka, kuma ban ɓoye ba, Alhamis ta fi min kowace rana.

Rigimar kuwa a kan makaranta ce. Tun muna sabon aure nake son in koma karatu, ko don in daina kai wa mutane takardar asibiti su karanta min. Duk lokacin da na tayar da zancen sai Malam ya ce, "Ranar da soja suka bar mulki, da kaina zan kai ki." A wancan zamanin, in mutum ya ce maka haka, to ya ce maka har abada ke nan. Mun tashi mun ga kaki, mun yi aure ana kaki, wannan ya ture wancan, wancan ya ce ya kusa tafiya, bai tafi ba. Ni ma dariya nake yi in ya faɗa.

Sai ga shi soja sun tafi. A talabijin ɗinmu na gani da idona, masu kaki suka sara, mai babbar riga ya karɓa. Unguwa ta ɗauka, 'yan achaɓa suna ta hon a titin gidan zu, maza sun cika bakin shago kowa ya zama masanin siyasa. Ni ba abin da ya dame ni da wanda ya hau. Bayan 'yan kwanaki na sa mayafi na tafi wata makarantar matan aure da ke Tarauni na karɓo fom. A ƙasan takardar akwai wurin da miji zai sa hannu. Na ajiye masa kusa da kofin shayi na ce, "Malam, sun tafi."

Ya dubi takardar ya yi dariya. Da ya ga ba dariya nake ba, ya sosa ƙeya ya ce, "Uwargida, a bari mu ga kamun ludayinsu tukuna. Soja fa sukan dawo."

Wallahi ji na yi wani abu ya taso min tun daga ƙafa. Na ce, "Au, haka ne? Ashe shekara bakwai wasa kake da hankalina? Kana so in zauna ba na gane komai sai abin da ka ga dama ka gaya min?" Ya buɗe baki, ya rufe. Ya ninke fom ɗin ya sa a aljihu ya fita. Da ya yi min faɗa ma da ya fi min sauƙi. Shirun nan ne ya ƙarasa ni.

Na ɗauke masa wuta. In dafa, in ajiye, in ɗauke kwano. Ya yi sallama in amsa a ciki, don wannan hakkin Allah ne, ban da shi ko uffan. Kwana tara. Shi kuma yana ta kewaye ni kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, ya shigo ya fita, ya gyara murya, ya fasa.

Kwana na taran ya faɗo ranar Alhamis, ya dawo da wuri. Na ɗauki tire na zauna a bakin ƙofa ina tsintar shinkafa, na ba falon rabin baya. Kiɗan wasan ya tashi.

"Uwargida, an fara."

Na yi kamar ban ji ba. Na ci gaba da tsinta, shinkafar da ba ta da ko tsakuwa uku. Aka jima, ban ji yana yin muryoyin ba, shi kaɗai wa zai yi wa. Can ya ce, "Uwargida, zo ki gani, mutuminki ya durƙusa."

Na saci kallo ta gefen ido. Da gaske ne. Mai Labule ya durƙusa gaban mai jan gashi, ya cire abin da yake rufe fuska da shi, ya kama bakin siket ɗinta, yana ta magana kamar zai yi kuka. Ban taɓa ganin ya yi haka ba. Raina ya so in tashi, wallahi ya so. Har na ɗan motsa tiren.

Sai Malam ya sake magana, da wata murya ƙasa-ƙasa, ba ta wasa ba. "Don Allah ki zo ki ji abin da yake gaya mata."

Da ya yi shiru, da na zo da kaina. Amma da na ji yana roƙo, sai shaiɗan ya ce min ai kin kusa cin nasara, ƙara ja kaɗan. Na ce, "Ka ji kayanka." Maganar da na yi masa ke nan a kwana tara. Bai sake kira ba. Ya kalli sauran shi kaɗai har aka gama, ban ji dariyarsa ko sau ɗaya ba, ya kashe ya tafi masallaci.

Na ce a raina Juma'a zan sauko. Juma'a ta zo na ce bari dai ya ƙara kwana ɗaya, gobe in yi masa wainar da yake so, mu shirya. Ranar Asabar da safe ya hau babur ɗinsa zai je ɗaurin aure a Hotoro. Na jiƙa shinkafar wainar tun dare, na kai niƙa, ƙullun yana tashi. Wata tifa ce ta haɗa da shi a mararraba. Kafin azahar aka zo aka gaya min, kafin la'asar an kai shi. Ƙullun nan maƙwabta ne suka zubar da shi bayan kwana biyu, da ya fara tsami.

Ba zan iya ba da labarin kwanakin zaman makoki ba, don ban san yadda suka wuce ba. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba kwalli, ba turare, ba fita sai dole. Mahaifiyarsa, Inna, ta baro gidanta a Daurawa ta zo ta zauna da ni. Tsohuwar kirki ce, ba ta taɓa ɗaga min murya ba, ita da ta rasa ɗa ita ke ba ni haƙuri. Ita ta ɗauki zane ta lulluɓe talabijin, ta ce gidan rasuwa ba a kallo. Gaskiyarta ne.

Mutane suna ta cewa in yafe masa. Ni abin da ke cina daban ne. Shi ya tafi yana fushi da ni, ko ya huce? Ya yarda da makarantar, ko zai ce in haƙura? Me zai ce? Na nemi fom ɗin ko zan ga ya sa hannu. Na zazzage aljihunan rigunansa, na ɗaga katifa, na buɗe jakarsa ta ofis. Abokan aikinsa suka kawo kayansa a kwali, kofi ne da darduma da biro biyu. Ba fom. Har yau ban san inda ya kai shi ba.

Sai wata Alhamis, ina zaune ina jan carbi, na ji kiɗan wasan ta bango. Daga ɗakin maƙwabciyarmu yake fitowa, Maman 'yan biyu. 'Yar Filato ce, Kirista, malamar Turanci a wata sakandaren 'yan mata, tsakar gida ɗaya muke da famfo ɗaya. Tun ranar da aka kawo ni take kirana Amarya, shekara bakwai ba ta canza ba. Na tuna ita ma mayyar wasan ce, kuma da yake ranar Alhamis take zuwa koyon waƙa a coci, mijinta yake ɗaukar mata a kaset ta kalla in ta dawo. Ashe maganar tana nan, bango ɗaya ne tsakanina da ita. Na ce in dai na ji abin da Mai Labule ya gaya wa matarsa a ranar, na ji abin da Malam ya so in ji.

Da safe na tare ta a bakin famfo. Na yi ƙasa da murya na ce, "Maman 'yan biyu, na Alhamis ɗin makon da Malam ya rasu, kina da shi?"

Ta ajiye bokiti ta dube ni. "Amarya, kina takaba fa. In aka ji kina kallon wasan dariya, ba za ki iya da bakin unguwar nan ba."

"Bakin unguwa ya daɗe bai ci ni ba. Kina da shi ko ba ki da shi?"

"Ina da shi."

Na gaya mata komai, da fom ɗin, da kwana taran, da kira ukun. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai ita. Ta share ido da bakin zaninta ta ce in bari sai ranar da Inna ba ta nan.

Inna takan je Daurawa duk Juma'a da hantsi ta duba gidanta, ta dawo bayan an sauko daga masallaci. Na jira wata Juma'ar ta zagayo kamar mai jiran haihuwa. Tana fita na ƙirga ɗari, na tsallaka tsakar gida da ƙaton hijabina, kamar ɓarauniya. Maman 'yan biyu ta dawo daga makaranta da wuri saboda ni. Ta saki labule, ta rage murya, ta sa kaset ɗin, ta yi ta turawa gaba har na ce, "Nan! Tsaya nan!"

Ga shi ya durƙusa. Ga hannunsa a bakin siket ɗin.

"To, me ya ce?"

Ta saurara. Na ga ta ɗan haɗe gira. Ta mayar baya ta sake saurare. Sai wannan dariyar da suke sakawa a wasan ta tashi, ta mutanen da ba a gani. A ɗakinmu ban taɓa lura da inda take tashi ba, muryar Malam ta rufe ta.

"Maman 'yan biyu, magana nake."

"Amarya, bari dai mu bar shi."

"Kar ki yi min haka. Don girman Allah kar ki yi min haka. Me ya gaya wa matarsa?"

Ta juyo gaba ɗaya. "Wace matar?"

"Ga ta nan, mai tabarau!"

Ta dube ni, ta dubi talabijin. Sannan a hankali ta ce, "Ba matarsa ba ce. Ba shi da mata. Maƙwabciyarsa ce. Kullum in ya faɗo daga sama a kan tukwanen furanninta yake faɗowa, shi ya sa take masa faɗa."

Na ce ƙarya ne. Na ce ita ce ba ta gane ba, malamar Turanci guda, ni mai aji shida ina gaya mata ba ta gane ba. Ba ta ji haushi ba. Na ce to ta faɗa min abin da yake cewa, kalma da kalma, kar ta rage kar ta ƙara, in ta ƙara ban yafe ba.

Ta faɗa min. Wai matar ce ta kawo masa kek don su shirya, shi kuma miyagu suna hanya, in ya ci ƙarfinsa zai tafi. Shi ne ya durƙusa yana roƙonta ta ɗauke kek ɗin daga gabansa don ba zai iya daurewa ba. Doguwar maganar nan duk lissafin abin da ya ci ne tun safe. Ƙwai shida, da burodi, da kaza, da ragowar abincin kare.

Ragowar abincin kare! Abin da na tsallako takaba na zo ji ke nan.

Na ce, "To, ranar da ya ce mata duk gari tsoronsa ake ji, shi kuma ita yake tsoro fa?"

Ta girgiza kai.

"Ranar da ya ce in ta tafi gidansu ko shayi ba ya iya sha?"

"Amarya, ba ta taɓa tafiya ko'ina ba. Ban taɓa fashin wasan nan ba."

"Da a ba shi mai sanyi gara a bar masa kayarsa?"

Ta kama hannuna kawai. Na yi ta jero su, ashe duk na haddace ban sani ba, tana girgiza kai, hawaye na zubo mata. Ko ɗaya babu a wasan. Ko ɗaya. Shekara biyu mutumin nan yana zaune a ƙasa, ya juya min ƙeya, yana gaya min abin da ke ransa da bakin wani ƙaton Bature mai kamfai a waje, ni kuma ina ce masa ya je ya ɗauki darasi. Wayyo Malam. Kai ma dai ka cuce ni, me zai hana ka juyo ka faɗa min sau ɗaya?

Nan ne kuma na fahimci abin da ya sa fom ɗin ya tsorata shi, ko in ce abin da nake zato, don ba shi da bakin gaya min yanzu. In na koyi Turanci, ranar Alhamis zan ji da kunnena cewa zancen tukwanen furanni ake yi. Daga ranar ba shi da sauran inda zai ɓuya ya yi min magana. Ni kuma na tsaya a kansa ina cewa so yake in zauna a jahilci.

Da farko wani sanyi na ji, don duk kalaman nan nawa ne, ba na mai jan gashi ba. Sanyin bai kai minti ɗaya ba. In duk daga cikinsa suke fitowa, to na ranar Alhamis ɗin nan ba ya cikin kaset ɗin Maman 'yan biyu, ba ya cikin na kowa. Ya ga mutum ya durƙusa, ya ga dama ta samu, ya shirya abin da zai faɗa, ya kira ni sau uku. Na ce ya ji kayansa. Ya kuwa riƙe kayansa ya tafi da su.

Maman 'yan biyu ta ga yadda na zama, ta ce, "Ni na san abin da zai ce. Zai ce ki yi haƙuri, zai ce ya yarda ki tafi makaranta, zai ce..."

"Ke ba shi ba ce," na ce mata. "Yi shiru."

Ta yi shiru, baiwar Allah. Na ce ta mayar baya ta kashe muryar gaba ɗaya. Ta yi, ta tashi ta fita ta bar min ɗakinta. Na zauna ina kallon bakin Baturen yana motsi ba sauti. Yana da tsawo, maganar. Ban san ta kai haka tsawo ba, don a ranar ta gefen ido na gani. Ya yi, ya tsaya ya haɗiyi yawu, ya ci gaba. Duk wannan wurin Malam zai cike da nasa. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi, na toshe baki da hijabi don kar a ji a waje.

Ban san lokaci ya tafi ba sai da na ji sallamar Inna a tsakar gida. Na fito ido a kumbure, daga ɗakin da ba nawa ba, tana tsaye da ledar goro da ɗan kifin da ta sayo min. Ta dube ni, ta dubi ƙofar da na fito. Na jira faɗa, a karon farko na ji ina so a yi min.

"'Yar nan, ina kika shiga haka?"

"Wani saƙo na je karɓa, Inna."

"Na wa?"

"Na Malam."

Ba ta tambaye ni yadda aka yi saƙon ɗanta ya kwana a ɗakin maƙwabta ba. Ta ajiye ledar a ƙasa, muryarta na rawa, irin ta wadda ita ma take jiran ko kalma ɗaya daga wurinsa.

"To, kin samu?"

"Ban samu ba, Inna."